Asibitin shaho da mujiya

Yaya, salamu alaikum. Ya gida, ya zafin Maraɗi? Ka ce in riƙa ba ka labarin abin da ya bambanta nan da gida, ban da sanyi da tsadar haya. To ga wani, amma ka riƙe dariyarka.

Ranar Asabar na kai ƙaramar ɗiyarka wani asibiti na Jami'ar Minesota, a garin Sen Pol, nan Amurka. Na tsuntsaye ne, su ma masu farauta kaɗai: shaho, gaggafa, mujiya. Tun 1974 yake aiki, kuma yana karɓar wajen tsuntsu 1,000 a shekara. Wani mota ta buge shi, wani ya daki gilashin taga, wani mushen barewa ya ci mai ɓurɓushin harsashi, dalma ta shiga jininsa. A ɗauki hoton ƙashi, a yi ɗori, har gashin fiffike in ya karye sai a dasa masa na wani tsuntsun da ya mutu. Wanda ya tsinto shi ba a cajinsa ko dala. Ni kuwa bara da haƙori ya tayar mini, takardar kuɗin da aka miƙo mini ta fi ciwon zafi. Sai da na yi wa shaho hassada, wallahi.

Wanda ya warke a sake shi. Wanda ba zai ƙara iya farauta ba, mai ido ɗaya ko fiffiken da ya ƙi daidaita, shi ne ake mayarwa malami. Ana zagaya lakwal-lakwal da shi a kan hannu mai safar fata. Wata mata ta fito da mujiya, yara suka yi tsit. Ta nuna musu cewa idonta ba ya motsi a gurbinsa, shi ya sa take murɗa wuya har ta ga bayanta, kuma abincinta ɓeraye ne. Ɗiyarka ta matsa gaba tana tambaya, ni ina can baya ina a'uzubillahi a zuci. Ka tuna wadda muka jefe a tsamiyar bayan gidan Kaka, don an ce kukanta mutuwa yake kira? Ashe mai gadin rumbunmu muka kashe.

Doka ma ba wasa. Tun 1940 aka hana taɓa gaggafa mai farin kai, ko gashinta ka tsinta a ƙasa ba ka da ikon ajiyewa.

Ban ce a gina irin wannan a Maraɗi ba, alhali mata na haihuwa a amalanke kafin a kai su likita. Amma tsuntsu gurgu guda da mai bayani guda ai ba su fi ƙarfinmu ba. Ƙasar da ta iya ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure zuwa Gadabeji a 2018 za ta iya wannan. Ungulun da muke kora a mahauta muna yara, tun 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa, ana ta farautar kanta don masu magani.

In ka bi ta mahauta ka ɗaga kai ka duba mini. In ka ga ko ɗaya ka turo hoto ta WhatsApp, yarinyar nan ta ce ƙarya nake, ba mu da tsuntsu mai sanƙo. A gaida Inna.