Gargaɗi Kan Masu Gyaran Laftof da Ke Cewa "Madabod Ya Ƙone"

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Nima, Mamobi da Madina. Ina jan hankalinku ga wata damfara da aka yi wa ƙanena kwanan nan a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wato Sakul, a birnin Accra, inda ake hada-hadar wayoyi da kwamfutoci.

Laftof ɗinsa ta fara mutuwa da kanta bayan ta yi kamar rabin awa tana aiki, ƙasanta ya yi zafi, fankarta tana ruri. Da ya kai ta gyara Sakul, wani matashi ya tare shi tun bai shiga layin masu gyara ba, ya kai shi wurin wani mai tebur da ba shi da shago, wanda ko buɗe ta bai yi ba ya ce madabod, wato babban allon da dukkan sassan kwamfuta ke haɗe a kai, ya ƙone, a bar masa ita kwana uku. Ya karɓi sidi 900 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, bai ba da rasit ba. Da aka dawo da ita matsalar tana nan, kuma da muka kai ta wurin wani mai gyara a unguwarmu, sai aka tarar an cire ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai giga 8 an sa mai 4, an kuma musanya batirin da tsoho. Da muka koma, babu mutum babu tebur.

Abin takaicin shi ne ciwon nata ƙura ce kawai. Ƙurar hunturu kan toshe fanka da ramukan fitar iska, man da ake shafawa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, domin rage zafi ya bushe, idan kuma zafi ya doshi digiri 100 sai na'urar ta kashe kanta domin kada ta lalace. Kwamfutar da take kunnuwa, ta yi aiki, sai ta ɗauki zafi sannan ta mutu, a ganina madabod ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. Goge ƙurar da shafa sabon man aiki ne na ƙasa da awa ɗaya. Batirin da ya gaji, ko caja mai wat 45 a laftof mai buƙatar 65, su ma suna iya sa ta riƙa mutuwa da kanta.

Don haka kafin ku miƙa laftof ga kowa, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, ku duba girman ram da rumbun ajiya a Task Manager, wato shafin da zai buɗe, ku ɗauki hotonsu da waya, haɗe da lambar da ke ƙasan na'urar. Ku kwashe muhimman takardunku. Ku nemi a buɗe ta a gabanku, wanda ya ƙi kuwa ku ɗauki kayanku ku wuce. Akwai masu gyara na kirki a Sakul, amma suna da shago da rasit, kuma sukan mayar wa mutum da abin da suka cire.

Mun kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da lambar MoMo ɗin da aka tura wa kuɗin, kuma mai tebur ɗin ya daina ɗaukar waya tun ranar.