Kwana bakwai a tantin saman mota: yadda hayar ta kasance mana a hamadar Namibiya

Tun da muka dawo Kano, duk gidan bikin da na shiga sai an tare ni da tambaya: "Hajiya, wai da gaske da kuɗinku kuka je kuka kwana a daji?" Da gaske ne. Mako guda ni da Alhaji muka yi a hamadar Namibiya cikin watan Yuni, ɗakin kwananmu kuwa tanti ne da aka ɗaure a kan rufin motar haya. Tunda har ƙannena biyu sun fara cewa su ma za su gwada, gara in faɗi yadda motar da tantin suka yi mana tun kafin su zuba kuɗinsu.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka Windhoek, babban birnin Namibiya. Kamfanin hayar ya ba mu Hilux mai ƙofa huɗu, da firji mai batirinsa daban, da tankin ruwa, da tukunyar gas, da safaya biyu, da injin busa taya. A nan ba ni da ta cewa. Firjin nan bai ɗauke ko sau ɗaya ba, abin da na gidana bai taɓa yi mini na kwana bakwai a jere ba. Sitiyari a dama yake, ana kuma tuƙi a hannun hagu, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Ranar farko duk lokacin da Alhaji zai ba da sigina sai mai share gilashi ya tashi.

Fiye da kilomita 300 ne zuwa Sesriem, ƙofar gandun Namib-Naukluft, kuma rabi mai yawa burji ne mai gargada. Sun saka wa motar na'urar da ke lura da gudu, ba a wuce kilomita 80 a kan burji. Alhaji ya yi ta mita, har muka wuce wata mota da ta kife a gefen hanya. Daga nan bai ƙara magana ba.

Yanzu ga tantin, don shi ne ainihin maganar. Buɗe shi ba wuya: ka zare rigarsa, ka ja tsani, ya buɗe kamar littafi. Kwana a sama kuma akwai natsuwa, don da dare dila na zagaye sansanin yana neman abin ɗauka, ga tunanin kunama. Amma abin da ba su jaddada mana ba shi ne, matuƙar ɗakinka na kan motarka, ba inda za ka motsa sai ka naɗe ɗakin. Wanda ya kwana a sansanin cikin gandu ana buɗe masa ƙofa awa guda kafin fitowar rana, na waje kuwa sai rana ta fito. Saboda wannan awa gudan muka kama wuri a ciki. Da asuba muka idar da salla, muka hau naɗi a cikin duhu, yatsu sun ƙage don sanyi, zif ɗin rigar tantin ya cije da ƙura. Masu tantin ƙasa suka ja motocinsu suka bar mu muna kokawa. Kafin mu kai tudun yashin da ake kira Dune 45, wanda ke kilomita 45 daga ƙofa, rana ta riga mu.

"Alhaji, ai da ka bari mun naɗe tun jiya mun kwana a kujera."

"Hajiya, ki dai riƙe tocilan."

Sanyin ma sai na yi gargaɗi a kansa. Yuni can hunturu ne, kuma sanyin dare ya fi na tsakiyar Janairun Kano cizo. Bargon da kamfanin ya ba mu sirit ne, katifar kuma kamar tabarma aka yi wa riga. Ga tsani. Duk wadda ta san tana tashi fitsarin dare, ko gwiwarta na ciwo, ta yi tunani sau biyu. Ni dai daga dare na biyu na daina shan shayi bayan magariba.

Washegari muka yi wayo, muka tashi tun da sauran dare. Kwalta ce kusan kilomita 60, sai kilomita 5 na ƙarshe zallar yashi, inda ake rage wa tayoyi iska a saka giyar ƙafa huɗu. Motar ta ratsa ba gardama. Muka taka zuwa Deadvlei, wani farin fili na busasshen yumɓu, da baƙaƙen itatuwa dangin bagaruwa a tsaye. Sun mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce bayan yashi ya tare wa ruwa hanya, amma tsabar bushewar wurin ta hana su ruɓewa. A bayansu ga tudun Big Daddy, jan yashi mai tsayin kusan mita 325. Na ɗauka wanda ya saba hawa Dala ba zai sha wuya ba, ashe Dala matakala gare ta. Nan kuwa in ka taka biyu sai yashi ya mayar da kai ɗaya. A rabi na zauna, na buɗe ƙullin dabino, na bar Alhaji da jarumtarsa. A wurin ne na yafe wa tantin rabin laifinsa, don babu wani masauki da zai kai ka wannan shirun da sassafe in ba ka kwana a bakin ƙofa ba.

Salla ba ta ba mu wahala ba, kasaru muka yi ta yi, ruwan tanki kuma ya ishe mu alwala. Abin da ya ɗaure mana kai alƙibla ce. Mu da muka saba cewa "gabas", can sai ka fuskanci arewa ka ɗan karkata gabas. Abinci kuwa, garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli da na ƙullo daga gida su suka rufa mana asiri, sai kifi da muka kai bakin teku.

A hanyar Walvis Bay da ke bakin teku, bayan mun wuce ƙauyen Solitaire da allon da ke nuna layin Capricorn, wato iyakar yankin zafi na duniya ta kudu, dutse ya yanka tayar baya. Ba mai faci, ba sabis ɗin waya, sai jiminu daga nesa suna kallonmu. Jak ɗin da sifana duk lafiyayyu ne, Alhaji ya canja cikin rabin awa. A kwarin Kuiseb na ga gawo, gawon da na sani a gonakin Dawakin Kudu, har na ji kamar in gaishe shi. Daren da ya fi daɗi a Spitzkoppe muka yi shi, tsakanin manyan duwatsu, babu lantarki ko kaɗan, taurari kamar a miƙa hannu a tsinko.

Ranar mayar da mota aka cire kuɗin sabuwar taya daga kuɗin ajiyar da muka bar wa kamfanin. Ashe inshorar da muka zaɓa ba ta ɗauke taya da gilashin gaba ba, alhali su ne burji ya fi ci. Yana rubuce a takarda, ban musa ba, amma ma'aikacin kamfanin da ya yi awa biyu yana nuna mana cokula da wuƙaƙe ya kamata ya faɗa da bakinsa.

Motar zan sake ɗaukarta gobe ma. Tantin sama kuwa sai ga wanda kullum zai tashi ya canja zango. Mai kwana biyu a wuri guda ya nemi na ƙasa, ya taho da bargonsa daga Kantin Kwari, ya kuma biya inshorar taya. Alhaji dai bai yarda da ni ba. Makon jiya har Ƙofar Ruwa ya je yana tambayar masu walda nawa za su ƙera masa irin ƙarfen a kan motarsa, wai za mu Yankari bayan damina. Na ce masa ya hau shi kaɗai, ni a ƙasa zan shimfiɗa.