FloMarching: a biya a watan Agusta, amma a shirya rashin barci

Masu tambayata ko kuɗin FloMarching ya cancanta, amsata ita ce eh, amma wata ɗaya tak, Agusta, watan wasan ƙarshe. Shafi ne da ke nuna gasar DCI ta Amurka kai tsaye, ƙungiyoyin ganga da begila ɗin nan na matasa da suke ta fafatawa tun 1972, kuma duk wanda ya taɓa busa begila ko ya riƙe ganga a badujalar makaranta wallahi in ya fara kallo ba zai iya tashi ba.

Kyamara iri biyu suke ba ka. Akwai ta sama wadda ke ɗauko filin gaba ɗaya, ka ga mutum sama da 150 suna sauya fasali ba mai karo da wani, sai kuma mai yawo tana shiga har fuskar mutum. Mutane sun fi yabon ta saman, ni kam ta ƙasan nake kallo, don a nan ne kake kama dokokin da ba wanda ya rubuta su. Misali The Cadets, kafin su rufe a 2024, da ƙafar dama suke fara taku alhali kusan kowa da hagu yake farawa, in ba kyamara ta sauko ƙasa ba ina za ka lura? Ko Bluecoats na Canton a jihar Ohio, suna gamawa sai ka ji filin ya ɗauki ihu kamar ana musu ature, ashe magoya bayansu ne ke jan sunansu, yabo ne.

Babbar dokar dai ita ce ba a ratsa sahu. In ƙungiya ta jeru tana tafiya, ko kai waye zagayawa za ka yi, kamar yadda ba ka gifta gaban mai sallah. Sannan a ƙungiyoyi da yawa in ka sa yunifom ba gudu, ba cin abinci a gaban jama'a, hular nan mai gashin tsuntsu kuma ba a yar da ita ko'ina, wasu ma camfi suka mayar da abin, wai rashin sa'a ne. Yaran kwana suke a ƙasan ɗakin wasannin makarantu da cikin bas duk tsawon bazararsu fa, amma kan hula ba sa wasa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta masu barin gasar. Gasar tana da iyakar shekaru, kana wuce 21 zuwa 22 shikenan an gama da kai, to akwai al'adar wanda shekararsa ta ƙarshe ke nan ya cire takalmin faretinsa ya bar shi a fili ya fita da safa. Saboda irin wannan ne nake cewa kar a kashe waya da an gama busa, a tsaya har jeruwar ƙarshe da faɗin maki.

Sai dai a sani, wasan ƙarshe a filin Lucas Oil na Indianapolis ake yi daren Asabar, ƙungiya 12, kuma awa 5 ce tsakaninmu da su, manyan irin su Blue Devils ba sa fitowa sai wajen ukun dare agogon Najeriya da Nijar. A yi cajin waya da fawa banki tun da rana, a sayi data mai kauri don bidiyon na zuƙa ba kaɗan ba, da dala kuma ake biya sai ka tabbatar katinka na aiki a waje. Kar kuma ka ce bari in kwanta na kalla wani satin, bidiyon da ake ajiyewa galibi ba sauti saboda haƙƙin mallakar kiɗa. Iyafis mai kyau ma dole ne, sifikar waya ba ta fitar da manyan ƙahonin nan ko kaɗan.