Keken motsa jiki na cikin ɗaki: abin da yake yi wa ma'aikaci mai iyali a Kano, da inda yake gazawa

Ma'aikacin da ke da yara 'yan makaranta a Kano ya san yadda yininsa yake tafiya. Daga sallar asuba sai shirin yara, sai kai su makaranta, sai cunkoson Titin Zariya ko na Gidan Zu, sai ofis ko kasuwa, da la'asar ga Islamiyya, kafin ka farga an kira magariba. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana nan, wuraren motsa jiki na kuɗi ma suna nan, amma ga wanda ke zaune a Rijiyar Zaki ko Hotoro, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye lokacin. Ga uwargida ma'aikaciya kuwa abin ya fi wuya, don ba kowace ce za ta fita gudu a titi da sassafe ba. Wannan giɓin ne keken motsa jiki na cikin ɗaki yake cikewa, kuma a cikin kayan da ake sayarwa don wannan buƙata, shi ya fi dacewa da garin nan.

Babban dalili shi ne wuta. Injin gudu, wanda ake gudu a kan bel ɗinsa mai juyawa, yana da injin lantarki a cikinsa, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma idan aka ɗauke wuta mutum yana tsakiyar gudu, bel ɗin yana tsayawa ne a ƙarƙashin ƙafarsa. Keke kuwa ƙafarka ce injinsa. Ɗan agogon da ke gabansa ne kawai ke cin batir, galibi ƙanana guda 2.

Iri biyu ake yawan samu a shagunan kayan wasanni na Sabon Gari da manyan kantuna. Na farko shi ne mai birki: akwai faifan ƙarfe mai nauyi a gaba, sai wani ɗan ƙyalle mai kauri da ke danna shi idan aka murɗa maɓalli. Na biyu mai maganaɗisu ne: maɓallin yana matso da maganaɗisu kusa da faifan ba tare da ya taɓa shi ba, yawanci mataki 8 daga mai sauƙi zuwa mai tauri. Ga gidan da ke da yara, mai maganaɗisu wanda bel ke ja ya fi, nesa ba kusa ba. Ba shi da ƙara, ana iya hawansa bayan asuba jariri yana barci a ɗaki ɗaya. Mai birki da sarƙa yana kuka, kuma da zarar ƙurar hunturu ta shiga ƙyallen sai ya bushe ya fara kankare faifan, dole a riƙa ɗiga masa ɗan mai, a ƙarshe a canza shi. Akwai kuma hatsarin da masu shago ba su cika faɗa ba. A yawancin masu birkin nan feda a haɗe take da faifan, ko ka cire ƙafa za ta ci gaba da juyawa da ƙarfinta. Yaro mai rarrafe ya miƙa hannu, magana ta ƙare. Wanda ya riga ya sayi irinsa, ya riƙa murɗe birkin tam duk lokacin da ya sauka.

Yawancin ɓarnar da ake yi wa keken nan, ranar haɗa shi ake yin ta. Fedojin biyu ba iri ɗaya ba ne: ta dama tana da harafin R, ana ɗaure ta yadda aka saba ɗaure noti, ta hagu tana da L, ita kuma baibai ake ɗaure ta. Wanda bai sani ba sai ya sa ƙarfi ya cinye zaren, shi ke nan feda ta riƙa faɗuwa har sai an canza ƙarfen da ke riƙe ta. A fara murɗawa da hannu, idan ta shiga lafiya sannan a ɗauko sifana mai lamba 15. Haka kuma siririyar wayar da ke hawowa cikin bututu zuwa agogo, a kula kada a matse ta wajen ɗaure kan keken. Agogon da ke nuna sifili ana tuƙi, sau da yawa nan ce matsalarsa. Bayan mako 2 ko 3 a sake bin notuna duka. Idan aka fara jin ƙwas-ƙwas a gindin feda, notin tsakiya ne ya saki. A ɗaure shi a ranar, don idan aka bar shi ramin ƙarfen da ke riƙe feda zai buɗe, kuma ramin da ya buɗe ba ya ƙara kamawa.

Sai tsayin sirdi, wanda shi ne ke raba mai amfana da mai ciwon gwiwa. A tsaya a gefen keke, a ɗaga sirdi ya zo daidai ƙashin ƙugu. A hau, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sarai. Idan aka dawo da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai yi ciwo; ya yi sama, ƙugu zai riƙa rangaji. Tunda maigida da uwargida ba tsayinsu ɗaya ba, kowa ya sa wa ramin da ya yi masa daidai a bututun sirdi alama da alƙalami. Zane da doguwar riga suna naɗewa a feda, wando ake sawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan sau 5, kuma ana iya raba shi, 15 da safe 15 bayan isha'i. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 a mataki na 2 ko na 3, ya riƙa ƙara minti 5 duk mako. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan kana iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka ja dogon baiti ba, kana daidai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ɗaki a rufe ba wurin tuƙi ba ne. A fito da shi baranda da asuba, ga gorar ruwa a kusa. Da azumi, bayan tarawihi ya fi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, musamman idan tiyata aka yi mata, su ji ta bakin likita tukuna.

Inda ya gaza kuwa, ya gaza. Sirdin da yake zuwa da shi yakan yi tauri, makon farko mazaunai sai sun yi tsami. A wasu kekunan mai gyaran keke na unguwa zai iya sauya shi da mai faɗi, a wasu kuma mazaunin sirdin nasu daban ne, sai dai a sa masa riga mai soso. Lissafin kuzarin da agogo ke cewa an ƙona, kintace ne kawai, haka ma bugun zuciyar da ake aunawa ta riƙe hannu. Lokaci kaɗai za a yarda da shi. Keken ba ya yi wa hannu da kafaɗa da baya komai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ce a yi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, wannan sai a nemo shi a wani wuri. Kuma akwai gundura. Kallon bango na minti 30 ba wasa ba ne, shi ya sa kekuna da yawa suka koma wurin rataye hijabi da tawul. Wanda ya ajiye nasa a gaban talabijin, ko ya haɗa tuƙi da labaran rediyo na safe, ya fi daɗewa a kai fiye da wanda ya kai shi sito.

Zufa gishiri ce, tana cin fenti ta kawo tsatsa a bututun sirdi da kan notuna, don haka a goge bayan kowane hawa, a lulluɓe shi da tsohon zanen gado lokacin hunturu. A kan tayil a shimfiɗa masa tabarmar roba. Idan za a daɗe ba a hau ba, a cire batir kada ya zubar da ruwa ya cinye agogon.

Farashi yana bin dala, sai a zagaya shago 2 ko 3. Ko sabo ne ko na hannu, kada a biya sai an hau. A duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ƙananan galibi kilo 100 zuwa 120 ne, a bar tazara. A tuƙa minti 3, a bi matakan maɓalli ɗaya bayan ɗaya a ji ko kowanne yana ƙara tauri. Sannan a sauka a kama feda a girgiza ta gefe da gefe: idan tana wasa, wataƙila boris ya ci, a bar musu kayansu.