Ƙungiyar marayun unguwarmu: abin da na gani a littafin ma'aji

Tun 2019 nake zuba kuɗin wata a ƙungiyar tallafa wa marayu ta unguwarmu a nan Gusau. Masu zuwa shagona kan tambaye ni ko in sun bayar zai kai ga yaran. Yana kaiwa, ni shaida ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne littafin ma'aji. Mai baƙin bango ne, gefensa ya sha hannu har ya yi laushi. Ranar taron ƙarshen wata a kan tabarma ake ajiye shi, kowa ya buɗa. Abin da ya shigo da shuɗin biro, abin da ya fita da ja. Na taɓa cewa, "Malam, wannan dubu huɗun fa?" Bai ɓata rai ba, ya juya shafi ya nuna min: ɗinkin kayan makarantar yara biyu ne, ga sa hannun tela.

A Satumban 2021 da aka katse layin waya a Zamfara, masu POS suka tsaya cak, kasuwannin mako kuma a rufe. Geron da aka saya tun kaka aka jibge a sito shi ya fitar da mu kunya. Haka aka sake yi farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, littafin ya fara rama. Kuɗin wata yana nan yadda yake, tiyoyin da yake saye ne suka ragu, ga marayu sai ƙaruwa suke saboda masu gudowa daga ƙauyuka.

Abu biyu ke hana ni barci. Mafi yawan kuɗin shekara a azumi yake shigowa, kuma daga hannun Alhaji guda. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ina muka nufa? Na biyun ya fi ci min rai: har yau kuɗin na cikin asusun ma'aji na kansa, don ba mu yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba balle banki ya buɗe mana asusu da sunan ƙungiya. Mutumin kirki ne, wallahi, amma in ta Allah ta kasance, kuɗin marayu zai cakuɗe da gadon 'ya'yansa.

Na biya na wannan watan. Asabar mai zuwa zan sake tayar da maganar rajistar, kuma kuɗin lauya na ce a rubuta rabi a kaina.