Laftop mai araha a Circle: sayi wadda sukundireba ke buɗewa

Duk lokacin da aka kusa komawa karatu a Legon da sauran manyan makarantu, sai iyaye a Nima da Mamobi, a nan Accra, su riƙa tare ni a ƙofar masallaci bayan magariba: "Malam, an ce yaron nan sai ya je da laftop, wacce za mu saya?" Ni ba mai gyara ba ne. Sana'ata buga takardu da katin biki da na suna. Amma an taɓa cin kuɗina a kan kwamfuta, kuma tun daga ranar ba na ciro ko sidi ɗaya sai na ga cikin na'ura da idona. Amsar da nake ba su ce na rubuta a nan, don bakina ya huta.

Bari in fara da yadda aka yi da ni, don ku san inda tsorona ya samo asali. Na kwashi susun da na daɗe ina zubi, na hau tirotiro zuwa Circle, inda ake kasuwar wayoyi da kwamfutoci. A kan wani teburi na ga wata siririya mai launin azurfa, sabuwa dal, ledarta ma ba a ɓare ba, ga sitikar i7 tana ƙyalli kusa da kibod. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ai jirgi ce. Wurin ajiyarta 1TB, RAM kuma duk ranar da ka ga dama ka ƙara." Ya buɗe mini shafin bayanan Windows, na karanta Core i7 da idona. Na biya, na rungumo kwali ina murna.

Kwana uku ba a yi ba na gane akwai magana. In na danna CorelDRAW, manhajar da nake zana kati da ita, sai in fita in sayo koko da ƙosai, in dawo bai gama buɗewa ba. Windows ta ce za ta sabunta kanta, ta ce babu wuri. Na kai wa wani ƙanena mai gyara a Mamobi, na ce ya ƙara mata RAM, wato inda take riƙe aikin da take yi a lokacin. Ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin, ya yi shiru, sannan ya juyo mini da ita: "Yaya, nuna mini inda zan sa shi." Allon injin bai fi tafin hannuna ba, sauran cikin batir ne da fili. RAM ɗin 4GB an liƙe shi da dalma, babu gurbi ko ɗaya. Ma'ajiyar ma ɗan ƙaramin guntu ne da ake kira eMMC, 64GB, shi ma a liƙe. 1TB ɗin da aka faɗa mini ashe ajiyar intanet ce ta shekara ɗaya. Furosesar kuwa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Celeron ce mai rauni, an shiga cikin Windows an sauya sunan da take nunawa, an manna sitika. Da na koma Circle, teburin yana nan, amma mai sayar da murfin wayar hannu ne a kansa, kuma bai taɓa jin labarin kowa ba.

Shi ya sa ma'aunina na farko ba gudu ba ne, ba kyau ba ne. Tambayata ita ce: tana buɗuwa? In ta buɗu, me za a iya cirewa a sa wani?

Da wannan ma'aunin, gwanata ita ce Lenovo ThinkPad T480, irin hom-yus ɗin da kamfanonin Turai da Amurka suka gama aiki da su, aka loda a kwantena aka sauke a Tema. Ta fito ne a 2018. Baƙa ce, mai kauri, babu yarinyar da za ta ɗauki hoto da ita ta sa a Instagram. Amma tsohuwar zuma ce. Gurbin RAM biyu gare ta, duka a buɗe, na irin RAM ɗin da ake kira DDR4, kuma kamfanin da kansa ya ce tana ɗaukar har 32GB. Ka saye ta da 8GB bana, baɗi in Allah ya hore ka ƙara wani 8GB ɗin, aikin minti goma. Ma'ajiyarta ana cirewa a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa. Kibod ɗinta in ya lalace ta sama ake zare shi a sa sabo, ba sai an farke na'urar gaba ɗaya ba, kuma ga mai buga rubutu irina babu kibod mai daɗin yatsa kamarsa.

Abin da ya fi saye zuciyata shi ne batir. Biyu ne. Akwai ƙarami a ciki mai 24Wh, akwai na waje da ake zarewa da yatsa biyu, wanda ake samun mai 24 ko 48 ko 72Wh. Kana tsakiyar aiki na waje ya ƙare, sai ka zare shi ka sa wani, na ciki ya riƙe maka na'urar ba ta mutu ba. Duk wanda ya sha dumso, wato ɗauke wuta, a garin nan, yana tsakiyar katin bikin da za a karɓa da asuba, ya san darajar wannan. Kuma ita ce ta ƙarshe a jerinsu da ke da wannan tsarin: T490 da ta biyo ta an rufe batirin a ciki, an kuma liƙe rabin RAM ɗin. T480s ma, mai ƙaramin harafi a ƙarshe, gurbi ɗaya kawai gare ta. Kada a ce maka duk ɗaya ne.

Sai furosesa. Nemi mai i5-8250U ko i5-8350U, wato zubi na takwas na Intel. Dalili biyu ne. Na farko, a wannan zubin ne i5 na irin waɗannan laftop ɗin ya tashi daga ƙwaya biyu zuwa huɗu, har ya zama i5-8250U ya fi i7-7500U ƙarfi, duk da cewa sunan i7 ya fi cika baki. Na biyu, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. A kula, akwai T480 da aka ƙera da i5-7200U ko 7300U. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki daban. In ka ga 7 bayan ɗan layin da ke bin i5, ka rage kuɗi sosai ko ka wuce.

Ba na ɓoye aibinta. Lasifikarta kamar rediyo a cikin tukunya. Wasu suna zuwa da sikirin mai 1366x768 wanda in ka ɗan karkata kai launi ya wanke, don haka ka dage sai mai 1920x1080. Ramin cajinta na USB-C a jikin allon injin yake, in ya yi sako-sako gyaransa sai gwani, saboda haka ka sa caja ka ɗan motsa ta ka ga ko wuta na yankewa. Akwai kuma matsalar Thunderbolt, wani ramin USB-C nata, da Lenovo ta fitar wa da gyara ta manhaja, ranar da ka kai ta gida ka sauke wannan gyaran kafin komai.

Sauran fa? Dell Latitude 5490 ba laifi, ita ma gurbi biyu, in ba ka sami gwanata ba ɗauke ta, sai dai ba ta shiri da cajar da ba tata ba: in ba ta gane cajar ba sai ta ƙi cika batir ta kuma rage gudu. HP EliteBook 840 G5 ta fi su kyan gani, gurbi biyu ita ma, amma batir ɗaya ne a rufe. Sababbin nan masu Celeron N4020 da 4GB, irin su HP Stream, na yaron da zai kalli YouTube ne, ba na ɗalibin jami'a ba. Chromebook da aka ɗura wa Windows da ƙarfin tsiya, a bar wa mai shi. Tsohuwar MacBook, tun daga masu sikirin Retina na 2012 RAM a liƙe yake, ni da ita sai kallo. Tsohuwar laftop ta wasan gem kuwa murhu ce mai fanka.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin ko sunan da ya dace ka riƙe, ana iya yi maka sakiyar da ba ruwa.

Kada ka yarda da sitika, ana sayar da su a leda kamar alewa. Kada ka yarda da shafin bayanan Windows, an nuna mini ƙarya a kansa. Ka kashe na'urar, ka kunna, ka shiga BIOS, shafin saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi: danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Can za ka ga ainihin furosesa da yawan RAM da lambar na'urar, ka gwada ta da wadda ke rubuce a ƙasanta. In BIOS ɗin ya tambaye ka kalmar sirri, mai kaya kuma ya ce "ai wannan ba komai, Alhaji, ba ka buƙatarsa", ajiye masa kayansa. Wannan makullin kamfanin da ya mallake ta ne, kuma cire ƙaramin batirin agogo ba ya buɗe shi a na'urorin wannan zamanin. Akwai wani makullin da ya fi wannan ɓuya: na'urar tana aiki lafiya, sai ranar da ka sake zuba Windows ka haɗa ta da intanet, ta fito maka da sunan wani kamfani na ƙasar waje tana neman imel ɗin ma'aikacinsu. Yadda za ka gano shi, ka sa a mayar da Windows farko a gabanka, ka haɗa ta da datar wayarka, ka zauna har ta wuce wannan matakin. Mai gaskiya zai ba ka kujera.

"Core i7" shi kaɗai ba bayani ba ne. Akwai i7 tun 2008, i7-620M ma ta 2010 ce. Lambar da ke bayan layin ita ke nuna zubinta, wato tsufanta. Haka nan in aka rubuta "2.8GHz" a kan Celeron N4020, gudunta na yau da kullum 1.1 ne, wancan sai in ta yunƙura na ɗan lokaci. In aka ce "8GB graphics" a kan laftop ta ofis, daga RAM ɗinka take ara, ba wani kati a ciki. In aka ce "SSD 64GB", kusan kullum eMMC ne aka yi wa kwalliya da suna.

SSD na jabu kuma sun cika gari. Za ka ga an rubuta 1TB, Windows ma ta nuna 1TB, amma abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, in ka wuce shi sai sababbin fayiloli su riƙa cinye tsofaffi ba ka sani ba, sai ranar da ka buɗe aikin digirin yaro ka tarar da shara. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika ma'ajiyar ta sake karantawa. Tana cin awanni, don haka ka yi sharaɗi da mai kaya a rubuce a rasit cewa in ta faɗi za ka dawo da ita. Ka sa CrystalDiskInfo da CPU-Z a filash ka tafi da su, na farkon zai gaya maka awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki, na biyun ya nuna maka furosesa da RAM. Batir kuma, kada ka saurari "yana kai awa shida". Buɗe wurin rubuta umarni, wato Command Prompt, ka buga powercfg /batteryreport, zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da yake iya ɗauka yau. In ya koma rabi, kuɗin sabon batir ya fita daga farashin.

Ɗaga cajar ka ji nauyinta. Ta jabu ba ta da nauyi, tana zafi kamar dutsen guga, wani lokaci in ka sa ta sai ka ga kibiyar sikirin tana rawa da kanta. Dubi kibod: na Jamus Z da Y sun yi musayar wuri, na Faransa da AZERTY yake farawa, sai a liƙa musu sitika baƙa, bayan wata biyu ta fara ɓarewa. Mu da muke fama da neman ɓ da ɗ da ƙ, ba ma buƙatar ƙarin wahala. Buɗe fari fat a sikirin ka nemi tabo. Buɗe murfin ka rufe sau biyar, ka saurari ƙara a gindinsa. In a intanet ka ga tallar, a Jiji ko Tonaton, babu laifi, amma kada ka tura ko kafin alƙalami ta MoMo sai kayan na hannunka, kuma ku haɗu a shago mai ƙofa, ba bakin titi ba. Rasit ya ɗauki lambar na'urar, saboda kayan sata ma suna yawo, kuma ranar da aka zo nema a hannunka za a same ta.

Ƙarin kaya da kanka ba ya buƙatar digiri. A T480 ka fara shiga BIOS ka kashe batirin ciki, akwai wurin yin haka, ka zare na waje, sannan ka sassauta kusoshin ƙasa. Ba sa fita gaba ɗaya, kada ka ja su da ƙarfi. Tsohon katin banki ya isa ɓamɓare murfin. RAM ana sa shi a karkace ne, a danna ƙasa har maƙallan gefe su ce ƙyas. DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, tsagar ba wuri ɗaya take ba, in ya ƙi shiga kada ka tilasta. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, saboda haka in ka sami mai 16GB a ciki da ɗan ƙarin kuɗi, ya fi maka sayen sa daban. In kuma ta zo da tsohon faifai mai juyawa, fara da SSD kafin RAM, nan ne za ka ji bambancin tun daga kunnawa. Ka ɗauki hoton abin da ke ciki ka je kasuwa da shi, don siririn SSD ɗin da ake kira M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma a T480 mazauninsu da wayarsu daban suke da na faifai mai inci 2.5.

Tunda ka riga ka buɗe, leƙa fanka. Bayan hunturu ɗaya a Nima za ka tarar da ƙura ta yi kamar bargo a bakin mafitar iska. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da tsohon buroshin haƙori. Tawa duk watan Maris nake yi mata haka, in sa ƙanen nan nawa ya sauya mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, in biya shi da waakye.