Tsingaron Iznik ya fi bangon Istanbul koya mini

Da na tsaya cikin Masallacin Sultan Ahmed a Istanbul ina ɗaga kai, ɗana da ke karatu a Bursa ya ce, "Baba, tayil ɗin nan sun haura 20,000, kuma a wani ɗan gari aka gasa su." Shi ya sa muka shiga ƙaramar bas daga Bursa zuwa Iznik, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, gonakin zaitun hagu da dama har tafkin Iznik ya bayyana.

Gidan tarihin da muka je gani a Iznik yana cikin ginin Nilufer Hatun, wanda Sarki Murad na Ɗaya na Daular Usmaniyyar Turkiyya ya gina a 1388 da sunan mahaifiyarsa, wurin ciyar da mabuƙata da sauke baƙi. A 1960 aka mai da shi gidan tarihi. Tun daga baranda ginin ke riƙe mutum: layin dutse, layukan jan bulo, ƙubbobi a sama. Tsallaken fili kuma ga Koren Masallaci da hasumiyarsa mai ado.

Wanda ya zo neman manyan farantai lafiyayyu irin na hotuna, to ya rage buri. Mafi kyawun kayan Iznik suna bangon masallatan Istanbul, irin na Rustem Pasha, wasu kuma suna London da Paris. Abin da ya rage wa garin da ya yi aikin, yawanci tsingaro ne da aka tono daga tsoffin tanderu. Da farko raina bai so ba. Daga baya sai da yaron ya ja hannuna kafin na bar gaban gilashin.

Fasasshen kwano yana nuna abin da lafiyayye ke ɓoyewa. Dubi bakin karayar na farko-farko, ja ne, yumɓu zalla aka shafa wa fari. Matsa gaba zuwa ƙarshen ƙarni na 15, cikin ya koma fari fat, don maginan sun koma niƙa farin dutse mai ƙyalli, kusan kashi 80 cikin 100, su haɗa da ɗan yumɓu da garin gilashi. Tangaran ɗin Sin suke son kamowa, sai suka ɓullo da nasu. Launukan ma bi da bi suka zo: shuɗi da fari, sai shuɗi-shuɗin sama, sai kore da shunayya, kafin jan nan na tsakiyar ƙarni na 16 da ke tasowa kaɗan saman tayil kamar an ɗiga shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wasu 'yan ƙananan yumɓu ne masu ƙafa uku, waɗanda ake sawa tsakanin kwanuka a tanderu kada su manne. Ba ado, ba komai. Amma nan na ga magini da zufarsa, yana jiran wuta ta huce bai san me zai tarar ba.

Garin kansa ya girmi tangaran nesa ba kusa ba. Shi ne Nikiya ta da, inda shugabannin Kirista suka yi babban taronsu a 325, kuma Sarki Orhan, mahaifin Murad, ya ci shi da yaƙi a 1331. A 2014 aka hango kufan wata tsohuwar coci a ƙarƙashin ruwan tafkin, dab da gaɓa. Wannan ɓangaren na tarihin garin a gurguje na bi shi, hankalina na kan kwanuka.

Awa ɗaya ta isa zagaya gidan tarihin. Mu mun ci biyu. Kafin la'asar muka taka zuwa wurin da aka tono tanderun, kusa da Ayasofiyar garin, sannan muka leƙa shagunan masu zanen tayil na yau. Na sayi ƙaramin faranti mai furen tulif, na juya bayansa ina dubawa. Yaron ya ce, "Baba, kada dai ka ce fasa shi za ka yi."